Shekara 168 tsakanin ta farko da ta biyu: fashin baƙi kan matan da suka yi zarra a zane da ilimin taurari

Idan Allah ya ba mata basirar zane da ta nazarin sararin samaniya kamar yadda ya ba maza, me ya sa in ka buɗe tarihin waɗannan fannoni biyu sai ka yi ta juya shafi ba ka ci karo da sunan mace ba? In kuma hana su aka yi, wa ya hana, da wace doka, kuma ta ina 'yan ƙalilan ɗin da muke jin sunansu suka bi suka shiga?

Tambayar ta sake kunno kai a watan Yunin 2025, lokacin da aka fitar da hotunan farko daga wata sabuwar cibiyar duban taurari da aka gina a kan dutsen Cerro Pachón na ƙasar Chile. Kyamarar da ke cikinta ta kai girman ƙaramar mota, kuma shekara goma za ta yi tana ɗaukar hoton samaniyar kudancin duniya. Sunan mace aka sa wa cibiyar, wato Vera Rubin, masaniyar taurari 'yar Amurka. Haka nan duk 11 ga Fabrairu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa mata da 'yan mata a fagen kimiyya, Facebook kan cika da hotuna masu taken "mace ta farko da ta yi kaza". Daga nan sai musu ya kaure. Wasu su ce ai ƙarancin sunayen ma hujja ce cewa fannin ba na mata ba ne. Wasu su ce duk abin da maza ke tinƙaho da shi daga hannun mata suka fizge.

Ni lissafin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. A 1768 aka kafa Royal Academy, majalisar ƙwararrun masu zane ta Ingila, da mata biyu cikin waɗanda suka assasa ta, Angelica Kauffman da Mary Moser. Ba a sake ɗaukar mace a matsayin cikakkiyar mamba ba sai 1936, da aka zaɓi Laura Knight. A 1828 kuma ƙungiyar masana taurari ta Ingila ta ba Caroline Herschel lambar zinarenta. Mace ta biyu da ta karɓi wannan lamba ita ce Vera Rubin, a 1996. Ka cire ka gani, shekara 168 ce a can, shekara 168 a nan. Hoton "mace ta farko" ba ya gaya mana tsawon jiran da ta biyu ta yi, alhali a nan ne bayanin yake.

Wane zane, wane ilimin taurari?

In ka ce "ilimin taurari" a gaban Bahaushe, tunaninsa kan tafi wajen duba da buruji da ranar sa'a da ta nahisa. Wanda ake magana a kai a nan shi ne falaki: auna inda tauraro yake, lissafa tafiyar rana da wata, sanin nisan abubuwan da ke sama da abin da suka ƙunsa. Da shi ake fitar da jadawalin lokutan salla da alƙibla, da shi ake sanin ranar da za a yi husufi tun shekaru kafin ya zo. A da can fannonin biyu sun cakuɗe, har a Turai, amma tuntuni suka raba gari.

Zanen kuma shi ne na launi da burushi a kan allo, ko ƙyalle, ko bango. Kafin kyamara ta shigo a 1839, mai zane shi ne mai ɗaukar hoto. Sarakuna da majami'u da attajirai su ke ba shi kwangila, kuma kuɗi ne masu kauri. Sana'a ce ta cin abinci, shi ya sa aka yi mata katanga. Hukuncin zana mai rai kuwa malamai sun yi magana a kansa, fagensa daban ne.

Abin da ya haɗa fannonin shi ne dukkansu aikin ido ne da hannu. Kafin hoto, abin da masanin taurari ya hango sai ya zana shi kafin wani ya gani. A birnin Nuremberg na Jamus, Maria Clara Eimmart ta yi zane fiye da 300 na fuskar wata tsakanin 1693 da 1698, tana leƙa madubin hangen nesa na mahaifinta tana kwafe ramuka da inuwoyi a kan shuɗiyar takarda. Ta rasu wajen haihuwa a 1707, tana da shekara 31. Kaɗan daga zanen nata ne suka tsira, suna birnin Bologna na Italiya.

Ƙofofin da aka kulle

A Turai ta ƙarni na 16 da na 17, yaron da zai zama mai zane yakan bar gidansu ya tare a gidan ubangida, ya yi shekaru yana niƙa launi yana wanke burushi kafin a bar shi ya taɓa allo. Babu uban da zai kai budurwar 'yarsa ta kwana a gidan wani ƙato cikin samari. Tun daga nan an tankaɗe mafi yawan mata.

Ƙofa ta biyu ta fi ɓoyuwa. Majalisun zane sun jera aikin hawa hawa. A sama akwai manyan zane na tarihi da ƙissoshin addini, masu cike da mutane suna motsi. Sai zanen fuskar mutum, sai na daji da gari, a can ƙasa kuma zanen furanni da 'ya'yan itace. Ba ka iya na saman sai ka san ƙirar jikin ɗan Adam, kuma ana koyon wannan ne a ajin da ake tsayar da mutum ba sutura ɗalibai suna zana shi. Mata ba sa shiga wannan aji. To, da aka hana su darasin, sai suka koma fure da fuska, sannan aka juyo aka ce ai mata iyakarsu fure da fuska. Wani mai zane, Johann Zoffany, ya zana mambobin Royal Academy wajen 1772 suna zazzaune a irin wannan aji. Kauffman da Moser ba sa cikin taron. Hotunansu biyu ya maƙala a jikin bango.

A Faransa majalisar zane ta ƙayyade cewa mata ba za su wuce huɗu ba a lokaci guda, kuma babbar makarantar zane ta Faris ba ta karɓi ɗalibai mata ba sai 1897. Rosa Bonheur, wadda ta yi suna da zanen dawaki, sai da ta nemi takardar izini daga 'yan sanda kafin ta sa wando ta shiga kasuwar dawaki da mayanka don nazarin jikin dabbobi.

Falaki shi ma haka. Yana buƙatar lissafi mai zurfi, wanda jami'a ke koyarwa. Yana buƙatar madubin hangen nesa, wanda sarki ko gwamnati ke saye. Kuma aikin dare ne, a kan soro ko ƙololuwar dutse. Ƙungiyar masana taurari ta Ingila ba ta karɓi mata a matsayin cikakkun mambobi ba sai 1916. Jami'ar Cambridge ta bar mata su zauna a aji su rubuta jarrabawa, amma ba ta ba su cikakken digiri ba sai 1948. Sashen taurari na Jami'ar Princeton a Amurka, inda Vera Rubin ta so yin karatun gaba da digiri, bai buɗe wa mata ba sai 1975. Cibiyar Palomar, mai babban madubi a lokacin, uzurinta shi ne ba ta da wurin da ya dace da mata, har da banɗaki. Sai a 1965 aka ba Rubin izinin aiki a can, ita ce ta farko da aka yarje wa a hukumance. Abokan aikinta suna ba da labarin cewa ta yanka takarda a siffar siket ta manna a kan hoton namijin da ke ƙofar banɗakin. Hausawa suka ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Waɗannan an hana su guga ne ma gaba ɗaya.

Hanyar da ta rage: gidan uba, ko na miji, ko na wa

Ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Artemisia Gentileschi 'yar mai zane ce. Lavinia Fontana ta Bologna 'yar mai zane ce, haka Kauffman, haka Bonheur. Eimmart a cibiyar mahaifinta ta koya. Maria Mitchell, Ba'amurkiyar da ta gano tauraruwa mai wutsiya a 1847 har sarkin Denmak ya ba ta lambar zinare, mahaifinta ne ya koya mata duban sama. Inda kayan aikin suke cikin gida, babu mai gadin ƙofa. Wannan kuma yana nuna yawan waɗanda aka rasa, don 'yar manomi da 'yar maƙeri mai irin wannan ido ba ta da ta inda za ta ɓullo.

Caroline Herschel ta cancanci a tsaya a kanta. An haife ta a Hanover a 1750. Zazzaɓi mai tsanani ya kama ta tana da shekara goma ya tsumburar da ita, mahaifiyarta kuma ta yanke cewa aikin gida ne rabonta. A 1772 wanta William ya ɗauke ta zuwa garin Bath na Ingila, inda yake sana'ar kiɗa, ta zama mai waƙa a ƙungiyarsa kuma mai kula masa da gida. Sai son taurari ya kama William, ya shiga ƙera madubai da hannunsa. Caroline ce ke daka busasshen kashin doki tana tankaɗewa don yin mazubin da ake zuba narkakken ƙarfe. In ya fara goge madubi ba ya iya ɗaga hannu na tsawon sa'o'i, ita ke ba shi abinci a baki. Da dare yana kan tsani a waje yana leƙe yana ƙwala mata abin da ya gani, ita tana zaune bakin taga da agogo da fitila tana rubutawa, cikin sanyin da kan daskarar da tawada a kwalba. Da safe kuma ta zauna ta yi lissafin. Wani dare a ƙarshen 1783 ta zame a dusar ƙanƙara ƙugiyar ƙarfe ta huda mata ƙafa.

William ya gano duniyar Yuranus a 1781, sarki ya yanka masa albashi. Ita kuma da ɗan ƙaramin madubin da ya ƙera mata, a daren 1 ga Agustan 1786, ta gano tauraruwa mai wutsiya. Mu nan cewa muke ganinta ba alheri ba ne, amma ga Caroline ita ce ta sa aka san da zamanta. Takwas ta gano kafin 1797 ta ƙare. A 1787 Sarki George na Uku ya sa mata albashin fam 50 a shekara, rubu'in na wanta. Ta rayu har shekara 97.

Sai dai wannan ƙofa ta gida tana da nata haɗarin. Wanda ya yi wa Artemisia fyaɗe a 1611, Agostino Tassi, abokin aikin mahaifinta ne mai shiga gidan yana fita. A shari'ar da aka yi a Rum a 1612, ita aka ɗaure wa igiya a yatsu ana tamkewa don a gwada ko gaskiya take faɗa, yatsun da take riƙe burushi da su. An same shi da laifi, aka yanke masa kora daga gari, hukuncin da bai tabbata a aikace ba. Ta koma Florence, a 1616 ta zama mace ta farko a majalisar zane ta birnin, ta kuma yi irin manyan zanen nan na ƙissoshi da aka ce ba na mata ba ne, ta yi wa manya aiki a Naples da Landan.

Kuma ƙofar takan rufe ranar da mai gidan ya mutu. Maria Winkelmann, masaniyar taurari a Jamus, ta yi shekaru tana aiki kafaɗa da kafaɗa da mijinta Gottfried Kirch, suna tsara kalandar da majalisar kimiyya ta Berlin ke sayarwa tana samun kuɗin shiga. Da ya rasu a 1710 ta nemi a bar mata aikin da take yi tun da. Shugaban majalisar, Leibniz, ya goya mata baya. Sauran suka ƙi, suna tsoron abin da mutane za su ce. Aka ba wani namiji da bai kai ta gwaninta ba.

Yadda suna ke ɓacewa

Akwai waɗanda suka yi aikin, aka gani, aka biya su, sannan bayan ransu sunan ya goge. Winkelmann ce ta hango tauraruwa mai wutsiya ta 1702 mijinta yana barci, amma da sunansa aka kai rahoton. Sai bayan shekara takwas ya rubuta cewa ita ce ta gano.

Judith Leyster ta shiga ƙungiyar masu zane ta Haarlem a Holan a 1633, tana da shagonta da yaranta masu koyo. Bayan rasuwarta a 1660 sai zanenta ya riƙa yawo a kasuwa da sunan Frans Hals, don sunansa ya fi kawo kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan gardin dillali ne, Hals bai san ana yi ba. A 1893 aka gano cewa ƙarƙashin sa hannun Hals na jabu da ke jikin wani zane akwai wata alama: harafin J da L a sarƙe, da ɗan tauraro a gefe. Sunan gidansu yana nufin tauraron da ke nuna hanya, shi ya sa ta zaɓe shi. Da wannan ɗan tauraro aka bi aka dawo mata da ayyukanta.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na babban gidan adana zane na Metropolitan a New York. A 1917 aka bar masa gadon hoton wata budurwa tana zane a bakin taga, da sunan Jacques-Louis David, gwanin Faransa na zamaninsa. Shekaru ana yabonsa a matsayin ɗaya daga cikin fitattun ayyukansa. A 1951 wani masani ya nuna cewa ba na David ba ne, na mace ne. A cikin bayanin nasa kuma sai ga shi yana hango rauni a zanen, yana danganta raunin da hannun mace. Launi bai sauya ba, layi bai gusa ba. A yau ana jingina shi ga Marie-Denise Villers.

Ɗakin mata a Harvard

Kafin kalmar kwamfuta ta zama sunan na'ura, sunan aikin mutum ce, wato mai lissafi. Edward Pickering, wanda ya karɓi shugabancin cibiyar taurari ta Harvard a 1877, yana da dubban faifan gilashi masu ɗauke da hoton samaniya, ba shi da isassun masu duba su. Sai ya ɗauki mata, a kan santi 25 zuwa 30 a awa, ƙasa da abin da zai biya maza. Cikin na farko akwai Williamina Fleming, 'yar Sikotilan da miji ya yasar da ciki, wadda ke aikatau a gidansa. Maza na kan madubi da dare, mata na ɗaki da rana, kowacce ta sunkuya kan faifan gilashi da tabarau mai ƙara girma, tana auna ɗige-ɗigen da ba su kai ƙwayar gero ba.

An ɗauka aikin wahala ne da ba ya buƙatar tunani. Amma wanda ya kalli tauraro dubu ɗari shi zai ga abin da ke maimaituwa. Annie Jump Cannon ta rarraba taurari kimanin 350,000 gida gida, kuma tsarinta ne ƙungiyar masana taurari ta duniya ta amince da shi a 1922. Har gobe da shi ake koyarwa.

Aikin Henrietta Leavitt ya fi buƙatar bayani. Ka ɗauka kana tafe a daji da dare sai ka hango haske. Ba ka sani ba ko aci-bal-bal ce a bukkar da ke kusa, ko fitilar babbar mota ce a can nesa. Haka taurari suke, hasken da ido ke gani ba ya faɗin nisa. Leavitt ta lura da wani jinsin taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, ta kuma gano cewa wanda ya fi jinkirin kewayowa shi ya fi ƙarfin haske na asali. Ke nan in ka ƙirga kwanakin, ka san ƙarfin fitilar. In ka san ƙarfinta ka kuma ga yadda ta dushe a idonka, ka san nisanta. An buga sakamakon a 1912 da sa hannun Pickering, ko da yake ya ambata a farkon takardar cewa ita ta shirya. Da wannan ma'auni Edwin Hubble ya nuna a shekarun 1920 cewa Andromeda wani dandazon taurari ne daban, can nesa da namu. Wani masanin Suwidin ya aiko wasiƙa a 1925 yana son gabatar da sunanta don kyautar Nobel, aka sanar da shi ta rasu tun 1921.

A wannan cibiya ce Cecilia Payne, wadda ta baro Cambridge ba digiri, ta rubuta kundin digirinta na uku a 1925. Ta gano cewa taurari, har da rana, mafi yawan jikinsu iskar haidurojin ce da hiliyam. Manyan fannin sun tafi a kan cewa rana da ƙasa kusan sinadarai ɗaya suka ƙunsa. Babbansu, Henry Norris Russell, ya ce mata abin ba zai yiwu ba, ita kuma ta ƙara jimla a kundin tana cewa da wuya sakamakon ya zama gaskiya. Bayan shekara huɗu shi da kansa ya iso ga wannan amsa ta wata hanyar. Sai 1956 Harvard ta ba ta kujerar farfesa.

Inda kowane ɓangare ke tuntuɓe

Masu cewa ƙarancin suna hujja ce ta ƙarancin baiwa, dokokin da ranakun da aka lissafa a sama sun ishe su amsa. Ba a auna gudun wanda aka ɗaure. Da aka kwance kuwa an gani: Rubin da abokin aikinta Kent Ford sun nuna a shekarun 1970 cewa taurarin da ke gefen dandazo suna gudu fiye da yadda nauyin abin da ake gani zai iya riƙe su, alamar akwai wani abu mai nauyi da ido da madubi ba sa kamawa. Wata masaniyar taurari, Andrea Ghez, ta samu Nobel a 2020.

Masu cewa komai sata ne su ma suna ɓata hujjarsu. Russell ya ambaci aikin Payne a takardarsa ta 1929, duniya ce ta riƙe sunansa ta saki nata. Pickering ya biya araha, amma shi ya buɗe ɗakin a lokacin da sauran cibiyoyi suka rufe. Jocelyn Bell Burnell ce, tana ɗaliba a Cambridge a 1967, ta hango wani ɗan karce a doguwar takardar na'ura wanda ya zama sabon jinsin tauraro mai aiko da saƙo kamar bugun zuciya. Nobel ta 1974 ta tafi ga malaminta Antony Hewish da Martin Ryle. Mutane da yawa sun kira shi zalunci, ita kuwa a lokacin ta ce matsayinta na ɗaliba ne ya jawo. A ganina kasancewarta mace da kasancewarta ɗaliba duka sun taka rawa, kuma bai kamata a share maganarta don ta ƙi dacewa da labarin da muke so ba. A 2018 aka ba ta wata kyauta ta dala miliyan 3, ta bayar da ita duka don ɗaukar nauyin ɗaliban kimiyya mata da 'yan gudun hijira da sauran waɗanda ba su da yawa a fannin.

Akwai kuma ƙarin gishirin da mu Musulmi muke yi. Hoton wata "Maryam al-Usturlabi" yana yawo, ana cewa ita ta ƙirƙiro usturlabi, na'urar tagulla ta auna tsayin rana da taurari. Matar gaskiya ce. Ibn al-Nadim ya ambace ta a ƙarni na 10 da laƙabin al-Ijliyya, 'yar maƙerin usturlabi, ta yi aiki a fadar Saifud Daula a Halab. Amma na'urar ta girme ta da ɗaruruwan shekaru, sunan Maryam ba ya cikin ambaton, hoton kuma ƙirƙira ce ta zamani. Mace mai ƙera kayan kimiyya a fadar sarki shekara dubu da suka wuce ba ta buƙatar a yi mata ƙarya.

Abin da ya shafe mu

Sunayen taurari na farko da na sani a bakin kakata na ji su, muna kwance a tabarma a tsakar gida lokacin bazara, tana nuna mana Zara kusa da wata da Kaza da 'ya'yanta. Ido da sha'awa ba su taɓa yi wa matanmu ƙaranci ba. Abin da tarihin nan ke koya wa uba da shugaban makaranta shi ne shinge yakan zo da sura ta hankali: babu ɗakin kwanan mata, ɗakin gwaji na dare ne, wa zai raka ta, banɗaki ɗaya ne. Kowanne yana da magani in an so, kuma kowanne ya isa ya tsayar da yarinya in an ƙyale. Hanyar gidan uba ma mun san ta. Nana Asma'u a gidan malamai ta tashi, amma ba ta tsaya nan ba, ta tura jajoji, wato malamai mata, ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru don karatu ya isa ga matan da ubansu ba malami ba ne.

Batun ɓacewar suna shi ma yana nan kusa. Ɗaliban zane na Zariya da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, duk mai bin tarihin zane a Najeriya ya san su. Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, mai zane ce da ke koyarwa a wannan sashe a wannan lokaci, amma da wuya ka ji an kira sunanta tare da nasu.

Sannan ka cire hular da ke kanka ka duba. Da yawa daga cikin zanna da kuɓe da muke sawa ranar Juma'a mata ne suka ɗinka su a tsakar gida, a Maiduguri da Kano da Zariya, makonni ana soka allura ana haɗa launin zare. Daga hannunta sai dillali, sai mai wanki ya buge ta a kan gungume, sai shago. Mai saye ya san sunan aikin, ya san sunan mai shagon, ya san nawa ya biya. Leyster ta samu kusurwar allo ta sa tauraronta, shi ya ceto ta bayan shekara fiye da 200. Juya hular ciki da waje, babu inda aka bar wa mai ɗinkin ta sa nata.